Kofur Japhet da Gwangwanin Borik

Ranar da babbar mota ta sauke Japhet a kasuwar Zuru, bakinsa ya riga ƙafarsa sauka. Tun yana saman buhunan gishiri yake ba masu dako labarin yaƙin Bama, wanda aka yi da Japan, har direba ya gaji ya ce, "Soja, sauko ka ƙarasa a ƙasa, muna da sauran tafiya." Ya diro da kakinsa da ya koɗe, da takalma masu ƙusa a ƙasa, ga wani gwangwani ya rungume a ƙirji sai ka ce jariri. To, a shekarun nan da wuya ka shiga gida a duwatsun Zuru ba ka tarar da tsohon soja ba. Sauran duk sun daɗe da rataye kaki sun kama garma. Shi Japhet bariki ya ci gaba da zama bayan yaƙi, sai yanzu aka sallame shi, ya kuwa dawo da sabon suna. Kofur yake kiran kansa, wani lokacin ma Dakta, in ya duba ya ga babu wanda suka yi bataliya ɗaya a kusa.

"Kofur, me ke cikin gwangwanin nan?" in ji masu shayi.

"Borik ke nan," in ji shi, yana ɗaga murfin kaɗan don su hango farin gari. "Ciwon ido, ƙaiƙayin ƙafa, warin takalmi, kyankyaso, kiyashi, duk shi ne ubansu. Likitan Turawa ba ya motsi sai da shi, shi kuma ba ya motsi sai da ni."

A yi masa adalci, ba duka ne ƙarya ba. Garin yana yin wasu daga cikin ayyukan nan a hannun wanda ya san kansa. Matsalar dai hannun da ya faɗa.

Abin da ke cin Japhet a rai kuwa Hannah ce, 'yar Baba Sila. Tun zuwansa hutu na baya suka daidaita, ta kuma jira shi har ƙawayenta duk suka yi goyo. Sai dai a ƙasar nan ba a ba saurayi mata don yana da kaki. Sai ya yi golmo, wato ya yi wa iyayen yarinya noma shekara da shekaru tare da 'yan ƙungiyarsa. Tsararrakin Japhet sun gama nasu tun yana can yana fareti. In zai fara yanzu, cikin samarin da aka haifa a gabansa zai shiga layi, su riƙa yi masa waƙa in ya gaji. Hannah kuma ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, "Na jira soja, ba zan sake jiran manomi ba. In Uhola ta wuce ba a tsayar da maganarmu ba, zan bi gwaggona Ribah, kada ka neme ni." Uhola kuwa, bikin kaka, ta kusa, don dawa ta riga ta sunkuyar da kai.

Sai dabara ta faɗo masa. Ya ja abokinsa Dawuda suka tafi gidan, suka tarar da Baba Sila a gindin ɗorawa yana kakkaɓe hularsa, kyankyasai na zubowa daga ciki. Bana sun addabi gidan, suna cikin jinka, suna cikin tukwane, har a kunnen tsohon wani ya taɓa kwana.

"Ranka ya daɗe," in ji Japhet bayan ya ƙame ya sara, "noma kowane yaro ya iya. Ni aikin da zan yi maka babu wanda zai iya shi daga nan har Kwantagora. Zan raba gidan nan da kyankyaso, ko na magani ba za a samu ba. A lissafa mini shi a madadin golmo."

Tsoho ya dube shi tun daga hula har takalmi. "In ka yi kafin Uhola, na yarda. In ka kasa fa?"

"Kasawa? Ni?"

"In ka kasa, ga garma can a jingine."

Duk wannan magana Saloma, uwar Hannah, tana bakin turmi ta juya musu baya, tana daka kamar ba ta ji. Mace ce ƙaƙƙarfa, wadda aka ce da ƙuruciyarta ta taɓa ɗaga wani ɗan kokawa ta ajiye shi a kan shinge don ya taka mata shanyar wake. Mutanen unguwa suna cewa ba a taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba sai a coci. Tsakaninta da Japhet kuwa akwai kunyar surukai, ita kuma ba ta wasa da wannan. Ba ya yi mata magana, ba ya haɗa ido da ita. In ya hango ta a hanya sai ya faɗa daji. In ya kawo wani abu gidan, a bakin ƙofa zai ajiye a rufe ya yi gaba, ba a hannu ba.

Kashegari unguwa ta cika gidan, har da masu hawa katanga. Japhet ya shigo da fareti, hagu dama, hagu dama, ya tsaya a ƙofar ɗakin girki ya zuba layin farin gari daga wannan bango zuwa wancan.

"Jama'a ku shaida. Duk kyankyason da ya taka layin nan, nan zai faɗi ƙafa sama. Dawuda, daki jinka!"

Dawuda ya daki jinka da sanda. Wani ƙaton kyankyaso ya faɗo, ya nufo ƙofa a natse, ya taka layin, ya tsaya a tsakiyarsa ya gyara gashin baki, ya wuce. Bai zame ko'ina ba sai kan takalmin Kofur, daga nan ya shige ƙafar wando.

Wayyo! Japhet ya daka tsalle, ya buga ƙafa, ya juya, ya sake bugawa, ƙusoshin takalmi na ba da wuta a kan dutse. Wata tsohuwa a kan katanga ta ce, "Ikon Allah, ashe haka faretin Bama yake!"

"Ina gawar, Kofur?" in ji wani.

"Ya tafi sallama da iyalinsa ne," in ji Japhet yana haki. "Ko a yaƙi ana ba da wannan dama."

Ana cikin dariya kajin Saloma suka taho suna tsattsagar garin. Saloma ta dubi turminta ta ɗaga murya, "Hannah, tambayi mai kaki ko garinsa yana kashe kaji."

Japhet ya dubi Dawuda. "Dawuda, gaya wa Hannah ta gaya wa Inna, garin nan ba ya taɓa mai jan jini, sai ƙwaro. Da shi muke wanke ido." Da ya tsaya nan da sauƙi, amma ya ga idanu a kansa, baki kuma ya riga ya ɗauki zafi. "Kai, Kanar ɗinmu ma a shayi yake zuba shi kowace safiya. Shi ya sa harsashi ba ya kama shi."

Yana rufe baki sai ya tuna Sajen da ya ba shi gwangwanin. Sajen ya kama kunnensa ya ce, ido da ƙafa da lungun kyankyaso, amma baki kul, ko na mutum ko na dabba. Saboda haka da taro ya watse, aka ga Kofur yana korar kaji da hula yana share layinsa da hannu. Ya ce wa Dawuda wai tattara kayan yaƙi yake yi.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya lallaɓa ɗakin shan magani wurin Malam Maharazu, diresa mai wankin miki da ba da magani, mutumin Argungu. Ya same shi yana wanke wa wani dattijo ido da dafaffen ruwa mai ɗan borik kaɗan a ciki.

"A'a, Dakta da kansa! Mi ya kawo ka?"

"Ba komai, zuwa na yi in gwada ka. In da kai ne da kyankyasai, yaya za ka yi?"

Maharazu ya yi murmushi, don labarin fareti ya riga ya iso shi. "In da ni ne, sai in ɗebi kaɗan in kwaɓa da gari da ɗan sukari, in yi ƙanana kamar ƙwayar wake, in tura cikin tsaguwar bango inda yaro ko kaza ba su kaiwa. Ba ni sa shi cikin ƙwaryar abinci, ko da wasa. In gama in wanke hannu. Sannan in yi haƙuri, don ba bindiga ba ne, sannu shika kashewa."

"To, ka ci jarrabawa," in ji Japhet. "Sai dai ƙwayar wake ta yi kaɗan. Kyankyasan gidan Baba Sila in ka ba su ƙwayar wake sai su ce ka raina su."

"Kofur, kada garin gyaran gira a rasa ido."

"Malam, kai ka tsaya a idon. Yaƙi namu ne."

Ya koma gida ya zage damtse. In ƙarami yana kashewa sannu, ai babba zai kashe nan take, wannan ko yaro ya san lissafin. Ya samo garin gero ya juye rabin gwangwani a ciki. Sukari ya ga na talaka ne, ya sa zuma. Ya ce kyankyaso da hanci yake farauta, ya daka citta da kanumfari ya zuba. Ya cura manya-manya kamar dunƙulen hannu, ya dafa don kada su wargaje, ya birkiɗa su a gari. Da ya ja baya ya duba, har shi kansa sai da yawunsa ya tsinke. Ko matar da ta shekara talatin tana fura ba za ta ce wannan ba dawo ba ne.

Ya ce a bar abokan gaba su fara jin ƙanshi, sai ya je ya jera su a kan 'yar katangar bayan ɗakin Baba Sila su sha iska. Abin da bai lura da shi ba, a gindin katangar nan tsoho ke shimfiɗa tabarma ya yi barcin rana.

Kyankyasai dai ba su zo ba, da rana ba sa yawo. Waɗanda suka amsa gayyata kiyashi ne da cinnaku, suka taho layi-layi tun daga gindin dutse, hanyarsu kuwa ta kan tabarma ta bi. Ba a jima ba aka ji ihu. Baba Sila ya fito tsakar gida yana tsalle yana marin cinyoyinsa, ya yar da mayafi, ya yar da hula, yana shirin yar da abin da ya rage Hannah ta watsa masa ruwan tulu.

"Baba ya fara rawar Uhola tun ba a buga ganga ba!" in ji tsohuwar kan katanga, wadda kamar a can take kwana.

Japhet ya iso da gudu ya ƙame. "Ranka ya daɗe, dabarar yaƙi ce. Sai an tara abokan gaba wuri ɗaya kafin a buɗe wuta."

"A jikina za ka tara su?"

"Wurin ne ya zo da haka, ranka ya daɗe."

"Na ce ka fitar mini da ƙwaro iri ɗaya, ka ƙaro mini iri biyu! Dawuda, goge masa garmar nan, na ga ta fara tsatsa."

Japhet ya kwashe curinsa a hula ya fice. A bakin ƙofa Hannah ta tare shi, ba dariya a fuskarta. "Gobe ake gayyar yankan dawarmu, daga ita sai Uhola. Na riga na wanke zannuwan tafiya, Japhet." Wannan magana ta soke shi fiye da cizon cinnaka, don duk cika bakinsa, son Hannah ba na ƙarya ba ne.

Ya yanke shawara gobe za a yi ta ta ƙare. Kowa zai tafi gona, gida zai zama ba kowa, sai ya shiga ya dasa curin a kowane lungu ba mai yi masa dariya. Ya kakkaɓe kiyashin tas. Don kada su dawo, ya nemi abu mai murfi, bai samu ba sai sabuwar ƙwaryar gwaggonsa da faifanta mai ado. Maganar Maharazu ta ɗan taɓa shi, ya ce ai na ɗan lokaci ne.

Da hantsi ya iso ƙofar gidan Baba Sila, ƙwarya a hannu, ya kasa kunne ya ji shiru. Ya ɗaga ƙafa zai shiga ke nan sai ya ji tari daga ciki, tarin da ya sani sarai. Saloma ce, ba ta tafi ba tukuna! Jikinsa bai jira shawararsa ba. Ya dire ƙwarya a bakin ƙofa ya yi tsalle ya faɗa bayan shinge.

Ta fito, ta ga ƙwarya a rufe inda surukai ke ajiye kyauta. Ta ɗaga faifai, ƙanshin citta da zuma ya buge ta. Ta ce, "Allah sarki. Ashe yaron nan yana da hankali, bakin ne kawai ya yi masa yawa. Ya san yau gayya, ya kawo wa mutane fura." Ta ɗora a kai, ta ɗauki goran nono da ludayi, ta kama hanyar gona.

Japhet a bayan shinge ya so ya tsayar da ita, kunya ta tare shi. Yaya zai kira ta? Da wane suna? Ya yi tari. Ta ji, ta yi murmushi ba ta waiwaya ba. "Kunya ce, ɗan albarka."

Haka suka kama hawan dutse, ita a kan hanya tana tafiyarta, shi a cikin ciyawa yana bin ta, ƙarangiya ta lulluɓe kaki. Ya yi fito, ta ɗauka tsuntsu ne. Ya yi kukan kura ko za ta tsorata ta yar da kaya, ta ce, "Kura da hantsi? Fito in gan ki." Ya ɗauki dutse ya auna ƙwaryar, shi da yake cewa yana harbo sojan Japan daga kan bishiya ido a rufe, dutsen ya wuce ya sami jakin wani mai tukwane a gindi. Jaki ya yi gaba, tukwane suka yi baya, mai tukwane ya bi Japhet da zagi har kakanni. Kafin ya kuɓuta Saloma ta isa gona.

Ya iso yana numfashi sama-sama. Masu gayya sun ajiye lauje sun taru a inuwar kaɗanya, Baba Sila a tsakiya, Hannah na raba ruwa. Saloma ta riga ta zuba nono tana damu, tana gaya wa kowa wanda ya kawo.

"Ga mai furar nan!" aka ɗauka da shewa. "Kofur! Kofur!"

Ya tsuguna nesa kamar yadda ya kamata, ya yafito Dawuda. "Gaya wa Hannah ta gaya wa Inna, furar nan ba ta nuna ba."

Dawuda ya leƙa ƙwarya. "Ta nuna har ta gaji. Daina kunya, mutumina, yau ka wanke kanka."

"Ka ce kiyashi sun taɓa ta."

"Kiyashi ai maganin ido ne, in ji tsofaffi."

Japhet ya rage murya. "Dawuda, akwai borik a ciki. Da yawa."

Maimakon Dawuda ya firgita, sai ya miƙe ya ɗaga hannu. "Jama'a, albishirinku! Kofur ya sa mana garin Kanar a ciki! Wanda ake zubawa a shayi!"

Wuri ya kaure. "Yau mu ma harsashi ba zai kama mu ba!" "A fara ba ni, bayana ke ciwo!" "Inna, a cika ludayi!" Wata mata ta turo ɗanta gaba wai ya sha ya yi ƙarfin soja. Baba Sila ya ce a yi haƙuri, mai gona ke farawa. Ya matso ya miƙa hannu, Saloma ta ciko ludayi ta ba shi.

Japhet ya ga ludayi na tafiya bakin tsoho, ya ga yaron nan ya buɗe nasa bakin yana jira. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda ko a Bama bai ji ba. In ya yi shiru, kunya ta tsira, sunan Dakta ya tsira, mutane su kwanta. In ya yi magana, ga garma, ga Ribah. Bai gama auna su ba ya ji ƙafafunsa sun tashi.

"Inna! Saloma! Kada a sha! Guba ce!"

Ya kira sunan surukarsa, gatsau, a gaban gayya guda. Kafin jama'a su farfaɗo daga wannan, ya iso a guje ya kaɗe ludayi daga hannun Baba Sila. Saloma ta miƙe ta rungume ƙwarya don ta kare ta daga mahaukaci, shi kuma takalmi mai ƙusa ya ƙi tsayawa a kan dutse. Ya tafi da ita gaba ɗaya. Rim! Ƙwarya ta yi sama, fura ta yi ruwa, Saloma ta yi zaman dirshan a kan karan dawa, ƙafafu a miƙe.

Gona ta yi tsit, ko tsuntsu bai yi kuka ba. Sai karen Baba Sila, wanda ba ruwansa da al'ada, ya taho zai lashe furar da ta taru a wani ɗan kwari. Japhet ya yi kukan kura na gaske ya kama shi ta wuya, suka yi birgima, ya jefar da shi gefe. Kare ya sake dawowa. Da Kofur ya rasa yadda zai yi, sai ya zauna daɓas a cikin furar ya baza kaki ya rufe ta.

Daga nan zaune ya yi bayani, nono na ɗiga daga gashin bakinsa. "Abincin kyankyaso ne na cura. In ya shiga cikin mutum ɓarna yake yi, yaro kuwa yana iya rasa ransa. Maganar Kanar ƙarya ce, ko kofin shayinsa ban taɓa gani ba. Ni akwatin magani kawai nake ɗauka in wanke tasa."

"Kofur ɗin fa?" in ji wani tsohon soja daga baya.

"Igiya ɗaya aka ba ni, ita ma aka karɓe."

Matar nan ta janye ɗanta ta rungume. Baba Sila ya dubi hannunsa da ya riƙe ludayi, ya goge a mayafi, ya sake gogewa. Sannan dariya ta fashe, irin wadda ke zuwa bayan an tsallake rijiya da baya, har Dawuda na faɗuwa a kan dami. Ana cikin haka cinnaku suka ji ƙanshin zuma suka iso inda Japhet ke zaune. Ya dinga motsi yana cije leɓe, amma bai tashi ba, don kare na nan yana jira. Hannah ta sa hannu ta rufe baki, ba a san ko dariya take ko kuka ba.

"Allura ta tono garma," in ji Baba Sila. "Yaro, ka kasa. Maganar Hannah kuma, bayan abin da ka yi wa uwarta a gaban mutane..."

"Dakata, Sila."

Saloma ce. Ta tashi a hankali, ta kakkaɓe zane, ta tako har gaban Japhet. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kuma yi masa magana kai tsaye.

"Kai, tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa kai ni ƙasa. Yau ka kira sunana, ka kayar da ni, da bakin nan naka da ba ya rufuwa. In na bar ka ka auri 'yar wani gida, kafin baɗi har Sakkwato an ji labari, kuma na san a bakinka sai ya zama sau uku ka kayar da ni. Ba inda za ka. A gidana za ka yi aure, inda idona zai riƙa ganinka."

Japhet ya buɗe baki. "Inna, wato golmo..."

"Golmo na Sila ne, yana da ranar ƙarewa. Ni gonar gyaɗata za ka noma, kai kaɗai, nawa kuwa ba shi da ranar ƙarewa. Kunya kuma ka riga ka kashe ta, daga yau da bakina zan riƙa aikenka. Tashi ka haƙa rami ka binne ƙazantar nan, ka fasa ƙwaryar ka haɗa da ludayin, ka wanke hannu da toka. Sauran garin ka kawo mini."

Farin ciki ya kama Japhet har ya manta da cinnaku. Ya miƙe ya ƙame ya sara mata, fura na zuba daga wandonsa. Hannah ta ce, "To, zannuwan da na wanke sun sami aiki."

Bayan Uhola aka ɗaura aure. Gwangwanin ya koma can saman rumbu, Saloma ta shafa masa jar ƙasa don kada wani ya ɗauka gishiri ne. Ita da kanta take ɗiban kaɗan ta yi 'yan ƙanana ta cusa a tsaguwar bango, kyankyasai kuwa suka dinga raguwa sannu a hankali. Ba wanda ya ce Japhet ya gode.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Wata ranar kasuwa aka gan shi a rumfar mai shayi, hannu duk kanta, ya tara baƙi daga Kanya waɗanda ba su san shi ba. Ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya.

"Kun san Zuru ƙasar 'yan kokawa ce. To, akwai wata mata a garin nan, maza sun gwada sun kasa. Ku tambayi kowa wa ya kai ta ƙasa. Ɗauka ɗaya na yi mata, na juya ta sama, na ce..."

Sai aka yi tari a bayansa, tarin nan na Saloma da ya sani sarai.

"Japhet. Gyaɗa."

Baƙin suna jiran ƙarashen labari, sai ƙura suka gani da kofin shayi yana juyawa a kan benci. Tun saukarsa daga mota, ranar ce ta farko da ƙafarsa ta riga bakinsa.